Katin Wi-Fi Na Laftof Zai Yi Aiki Idan Na Ɗora Linux?

Tambaya: Ina so in cire Windows daga laftof ɗina in ɗora Linux, amma na ji ana cewa sau da yawa bayan an gama sai a tarar Wi-Fi ya ɓace. Ga shi laftof ɗin ba ta da ramin kebul na intanet. Ta yaya zan gane ko katina zai yi aiki tun kafin in goge komai, kuma idan ya ƙi, me zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, ka kyauta da ka yi tambayar tun Windows na nan, domin a yanzu ne binciken ya fi sauƙi. Abu na farko da nake so ka cire daga ranka shi ne sunan laftof ɗin. Linux ba ruwansa da ko Dell ce ko Lenovo ko Acer. Abin da yake magana da shi ita ce 'yar ƙwayar lantarkin da ke kan katin Wi-Fi, kuma kamfanoni kaɗan ne ke ƙera ta: Intel, Realtek, MediaTek, Qualcomm da ta haɗiye Atheros, sai Broadcom. Laftof biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya za su iya fitowa da kati daban-daban, domin masu haɗa su suna saka abin da ya samu a lokacin. Saboda haka idan wani ya ce maka irin laftof ɗinka ce da shi kuma komai lafiya, bai ba ka tabbaci ba tukuna. Sai ka duba naka katin da idonka.

A Windows, danna dama a kan maɓallin Start ka buɗe Device Manager, ka sauka zuwa Network adapters, ka danna sunan katin sau biyu. Shiga Details, ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga rubutu irin wannan: PCI\VEN_8086&DEV_2723. Lambobi huɗun farko na kamfani ne, huɗun biyu na ƙwayar. 8086 Intel ce, 10EC Realtek, 14E4 Broadcom, 14C3 MediaTek, 168C Atheros, 17CB kuma Qualcomm. A wannan misalin, 8086:2723 shi ne Intel AX200. Rubuta lambobin nan takwas a takarda. Sun fi sunan da Windows ke nunawa amfani, domin sunan kan zo a dunƙule, kamar a ce 802.11ac kawai, ita kuwa lambar ba ta da biyu. Da ita za ka bincika a rumbun linux-hardware.org, inda masu amfani da Linux ke tura bayanan na'urorinsu, ka ga direban da ya ɗauki katin, wato 'yar manhajar da ke sarrafa shi, da kuma sigar Linux ɗin da aka gwada.

Bayan haka sai gwaji na zahiri. Kusan duk nau'o'in Linux da aka sani, irin su Ubuntu da Linux Mint da Fedora, suna tashi kai tsaye daga filash ba tare da sun taɓa abin da ke cikin laftof ba. Ka nemi filash mai gigabait 8, ka rubuta masa hoton manhajar, wato fayil ɗin ISO na Linux da ka sauke, da manhajar Rufus ko Ventoy, ka tayar da kwamfutar daga gare shi. Kada ka tsaya a ganin sunayen Wi-Fi sun bayyana ka ce shi ke nan. Haɗa da zangon 2.4 GHz, sannan ka haɗa da na 5 GHz idan rautarka, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, na da shi. Sauke wani babban fayil na minti 15 ko 20 ka ga ko zai yanke. Rufe murfin laftof ɗin ta yi barci, ka buɗe, ka ga ko Wi-Fi ya dawo da kansa. Gwada Bluetooth ma, domin a kati ɗaya suke zaune. Yawancin matsalolin da ke damun mutane daga baya a wajen barci da farkawan nan suke ɓuya, ba a haɗawar farko ba.

Kana cikin gwajin, buɗe taminal, wato tagar da ake buga umarni a rubuce, ka buga wannan:

lspci -nnk | grep -iA3 net

Zai nuna maka katin da lambarsa, a ƙarƙashinsa kuma wani layi mai cewa Kernel driver in use. Idan layin nan yana nan, kuma akwai suna a gabansa kamar iwlwifi ko mt7921e ko rtw88_8821ce, to Linux ya san katin. Idan babu layin gaba ɗaya, direba bai hau ba. Idan kuma katin bai fito a lspci ba ko kaɗan, buga lsusb, domin wasu ƙananan laftof ta hanyar USB ta ciki aka haɗa musu Wi-Fi. Akwai ma masu furosesar Atom da katinsu ke kan layin SDIO, irin RTL8723BS, waɗanda ba sa fitowa a ko ɗaya daga umarnin biyu, sai dai a rahoton dmesg.

Yanzu ga abin da ya kamata ka fahimta sosai, domin da shi za ka iya gano kowace matsala da kanka. Kafin Wi-Fi ya yi aiki a Linux sai abu uku sun cika. Sai an sami direba a cikin kenel, wato zuciyar manhajar da ke magana da ƙarafa. Sai an sami famwaya, wato ɗan ƙaramin fayil da direban ke loda wa katin duk lokacin da kwamfuta ta tashi. Sannan sai ya kasance babu abin da ya toshe rediyon katin. Ukun nan alamarsu ɗaya ce a idon mai kallo, wato babu Wi-Fi, amma maganinsu daban ne, kuma yawan wahalar da ake sha daga shan maganin wata cuta ne alhali wata ce ke damun mutum.

Batun direba batun shekaru ne. A Windows kamfani ke ba ka direba ka ɗora. A Linux direbobin suna zuwa ne a cikin kenel ɗin kansa, don haka kenel ɗin da ya girmi katinka ba zai san shi ba. Intel AX200 yana bukatar kenel 5.1 ko sama, AX201 yana bukatar 5.2, AX210 sai 5.10, AX211 sai 5.14. MediaTek MT7921 ya shigo a 5.12. Realtek RTL8821CE ya sami direban cikin gida a 5.9, RTL8852AE kuma a 5.16. Ka kwatanta da abin da kowane nau'in Linux ke zuwa da shi: Debian 11 na da 5.10, Ubuntu 22.04 ta fito da 5.15, Debian 12 na da 6.1, Ubuntu 24.04 da Linux Mint 22 suna da 6.8, Debian 13 kuma 6.12. Umarnin uname -r zai gaya maka wanda kake kai. Kenan mai sabuwar laftof da ya ɗauko tsohon hoton manhaja da ya daɗe a filash ɗinsa, shi ya jawo wa kansa. Maganin ba wai neman direba a intanet ba ne. A sauke sabuwar sigar, ko a ɗaga kenel: a Ubuntu ta ƙunshin HWE, misali linux-generic-hwe-22.04, a Debian kuma ta rumbun backports. Ra'ayina, duk laftof ɗin da ba ta wuce shekara ɗaya da fitowa kasuwa ba, Fedora ko sabuwar Ubuntu ta fi dacewa da ita, domin kenel ɗinsu ya fi kusa da zamani.

Ka kuma sani cewa lambar kenel da aka ambata wa kowane kati ita ce sigar da direban ya shigo, ba sigar da ya zauna da gindinsa ba. Direban da ya shiga kenel jiya yakan yi tuntuɓe na wasu watanni. Idan da hali, ka ba da tazarar siga biyu ko uku sama da mafi ƙarancin da ake bukata.

Famwaya kuma tata matsalar daban ce. Yawancin kamfanoni ba sa sakin asalin rubutun wannan fayil, sai dai su ba da shi a rufe, shi ya sa wasu nau'o'in Linux masu tsananin riƙo da buɗaɗɗiyar manhaja ba sa saka shi. Debian ta daɗe a kan wannan matsayi, kuma daga nan ne mafi yawan labaran "na ɗora Linux Wi-Fi ya ɓace" suka samo asali. Daga Debian 12, da ta fito a watan Yunin 2023, an fara saka famwaya a cikin hoton ɗorawa na hukuma, a wani sashe mai suna non-free-firmware. Ubuntu da Mint da Fedora kuwa dama suna zuwa da ita a ƙunshin linux-firmware. Don ka gane ko ita ce matsalarka, buga:

sudo dmesg | grep -i firmware

Idan ka ga layi mai cewa Direct firmware load for, sai sunan wani fayil, sai failed with error -2, ma'anarsa an nemi fayil ɗin a /lib/firmware ba a same shi ba. Sunan fayil ɗin shi zai kai ka ga ƙunshin da ya dace. A Debian, masu farawa da iwlwifi suna cikin firmware-iwlwifi, na Realtek suna firmware-realtek, na Qualcomm da Atheros suna firmware-atheros, na Broadcom suna firmware-brcm80211. Amma a yi hattara da abu ɗaya: direban Intel yakan fara neman sigar famwaya mafi sabunta, idan bai samu ba ya sauko ta ƙasa, har ya dace. Don haka ganin failed sau biyu ko uku ba komai ba ne muddin a ƙarshe akwai layin loaded firmware version. Mutane da yawa suna ganin jan rubutun nan su tsorata, su fara kwafo fayiloli daga ko'ina, alhali katin lafiyarsa ƙalau.

Na ukun, wato toshewa, shi ya fi sauƙin gyara kuma shi aka fi mantawa da shi. Buga rfkill list. Idan ya ce Soft blocked: yes, manhaja ce ta kashe rediyon, kuma sudo rfkill unblock all zai buɗe shi. Idan ya ce Hard blocked: yes, babu umarnin da zai buɗe shi, sai ka nemi makunnin da ke gefen laftof, ko maɓallin Fn tare da wanda ke da hoton jirgin sama ko eriya, ko ka shiga BIOS, wato saitunan da ake shiga tun kwamfuta na tashi, ka duba ko an kashe Wireless LAN a can. Akwai kuma toshewar ƙarya: a wasu samfuran, direban maɓallan laftof, kamar ideapad_laptop ko acer_wmi, yakan ba da rahoton cewa makunni a kashe yake alhali laftof ɗin ba ta ma da makunnin. Gwada sudo modprobe -r ideapad_laptop, ko sunan wanda ya shafe ka. Idan Wi-Fi ya dawo nan take, ka gano mai laifin, sai ka sabunta kenel ko ka hana direban hawa ta hanyar rubuta blacklist da sunansa a wani fayil cikin /etc/modprobe.d.

Idan za ka bar Windows a gefe guda kuna raba kwamfutar da Linux, kashe Fast Startup tun yanzu. Da shi a kunne, Windows ba ya mutuwa gaba ɗaya idan ka kashe shi, wani irin dogon barci yake yi, sai ya bar katin a yanayin da Linux ba zai iya tayar da shi ba. Alamarsa ita ce Wi-Fi ya yi aiki yau, gobe ya ɓace bayan ka leƙa Windows. Buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa ka buga powercfg /h off. Idan katin ya riga ya maƙale, kashe laftof ɗin, cire caja, danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30 zuwa 60, sannan ka kunna. Katunan MediaTek sun yi suna wajen bukatar wannan.

To, wane kamfani ne ya fi kwanciyar hankali? Intel, ba tare da wata-wata ba. Injiniyoyin kamfanin ne da kansu ke kula da direban iwlwifi a cikin kenel, kuma sukan shigar da tallafin sabon kati da wuri. Atheros na da, masu direban ath9k, ba sa ma bukatar famwaya, sai dai iyakarsu Wi-Fi 4. Qualcomm na baya-bayan nan, masu ath10k da ath11k, suna aiki da kyau idan famwaya ta cika. MediaTek, da ake yawan samu a laftof masu furosesar AMD, ta gyaru sosai a jerin kenel 6. Realtek tsaka-tsaki ce: sabbin direbobinta rtw88 da rtw89 suna cikin kenel, amma su ne suka fi yawan ƙorafin yankewa da raunin sigina.

Broadcom ce ke bukatar dogon bayani, kuma ita ce a yawancin tsofaffin MacBook da wasu laftof na shekarun 2010. Direbobi huɗu ne ke rabon katunanta: b43, brcmsmac, brcmfmac, sai wl wanda na kamfanin ne kuma a rufe yake. Kowane kati da nasa, kuma lambar nan da ka rubuta ita ce alƙali. BCM4313, mai lamba 14e4:4727, yana tafiya da brcmsmac na cikin kenel. BCM43142, mai 14e4:4365, da BCM4360, mai 14e4:43a0, sai da wl. Tsofaffi irin BCM4311 da BCM4312 suna aiki da b43, amma sai an sauko musu da famwaya ta ƙunshin firmware-b43-installer, wanda shi kansa sai da intanet. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora wl a kan katin da ba ya bukatarsa. Ƙunshin wl yana toshe b43 da brcmsmac da bcma da ssb don kada su yi karo da shi, sai ya zama an kori direban da ke aiki an kawo wanda ba zai yi ba. Idan ka tabbatar wl kake bukata, sunansa broadcom-sta-dkms a Debian da sabbin sigogin Ubuntu, bcmwl-kernel-source a tsofaffin Ubuntu, a Fedora kuma akmod-wl daga rumbun RPM Fusion. A Linux Mint, Driver Manager yana iya ɗauko shi daga filash ɗin da ka yi ɗorawa da shi ko babu intanet, don haka kada ka goge filash ɗin da wuri. Kuma rashin ganin Wi-Fi a gwajin filash ba ya nufin katin Broadcom ba zai yi ba, domin wl ba ya hawa da kansa. Sai dai ka sani an daɗe da daina ci gaban wannan direba, kuma ba ya jituwa da tsaron WPA3, sai an mayar da rauta kan WPA2.

Duk direban da ba na cikin kenel ba, wl ne ko wanda aka sauko daga GitHub don wani katin Realtek, yana zuwa da sharuɗɗa biyu. Na ɗaya, dole a gina shi a kan kwamfutarka, don haka sai da dkms da build-essential da linux-headers na daidai kenel ɗinka. Tsarin DKMS shi ke sake gina shi duk lokacin da kenel ya sabunta. Wanda ya ɗora da make install kawai, ranar da sabon kenel ya sauka Wi-Fi ɗinsa zai tafi, sai ya sake ginawa, kuma ko da DKMS ɗin ma ginin kan faɗi idan mai kula da direban bai bi canjin kenel ba. Na biyu shi ne Secure Boot, wani tsaro da ake kunnawa ko kashewa a BIOS. Idan yana kunne, kenel ba ya karɓar direban da ba shi da sa hannun da aka amince da shi. Za ka ɗora komai daidai, ka sake kunnawa, shiru. Buga mokutil --sb-state ka gani, sannan sudo modprobe wl. Idan ya amsa da Key was rejected by service, to nan matsalar take. A Ubuntu da Mint, lokacin ɗora direban za a ce ka ƙirƙiri kalmar sirri, kuma a tashi na gaba wani shuɗin allo zai bayyana. Kada ka tsallake shi. Zaɓi Enroll MOK, sai Continue, sai Yes, ka shigar da kalmar. Ka sa ta zama mai sauƙi, lambobi takwas ma sun isa, domin allon nan ba ya nuna abin da kake bugawa kuma sau ɗaya kawai za a yi amfani da ita. Kashe Secure Boot a BIOS ma yana warware matsalar, amma sa hannun ya fi, musamman ga mai riƙe da Windows 11 a gefe.

Ka ce laftof ɗinka ba ta da ramin kebul, kuma nan ne mutum ke shiga tsaka mai wuya: ana bukatar intanet don gyara intanet. Wayarka ta isa. Haɗa wayar Android da kebul na USB, ka kunna USB tethering a saitunanta, Linux zai ɗauke ta kamar kebul na intanet ba tare da an ɗora komai ba. iPhone ma tana yi a yawancin nau'o'in Linux, bayan ka danna Trust a fuskarta. Ka tabbatar kebul ɗin mai ɗaukar bayanai ne, ba na caji zalla ba. Adaftar USB zuwa kebul mai ƙwayar RTL8153 ko AX88179 ita ma tana aiki da zarar an soka. Ka gwada ɗaya daga cikinsu tun a gwajin filash, kafin ka goge Windows. Shi katin kebul na cikin laftof, ga masu shi, da wuya ya ba da matsala: e1000e na ɗaukar na Intel, r8169 na ɗaukar na Realtek.

Sai kuma katin da ke haɗuwa amma ba ya zama. Mafi yawan lokaci tsimin wuta ne sanadi: katin na yin gyangyaɗi don rage cin batir, sai ya kasa farkawa a kan lokaci. Ƙirƙiri fayil a /etc/NetworkManager/conf.d mai suna da ya ƙare da .conf, ka rubuta layi biyu a ciki:

[connection]
wifi.powersave = 2

Lamba 2 kashewa ce, 3 kunnawa. A Ubuntu akwai fayil irinsa tuni mai suna default-wifi-powersave-on.conf, sai ka mayar da 3 ɗin cikinsa 2. Idan bai wadatar ba, akwai wani tsimin a layin PCIe mai suna ASPM. Ga Realtek mai rtw88, rubuta options rtw88_pci disable_aspm=1 a wani fayil cikin /etc/modprobe.d; ga MediaTek kuma options mt7921e disable_aspm=1. Idan RTL8723BE ne da kai kuma sigina ba ta kamawa sai kana dab da rauta, dalilin shi ne wasu laftof waya ɗaya ta eriya aka saka musu alhali katin na da baki biyu, direban kuma yana sauraron bakin da babu komai. Gwada options rtl8723be ant_sel=1, idan babu canji ka mayar 2. Canji ɗaya za ka riƙa yi, ka sake kunnawa, ka gwada, kafin ka ƙara wani. Wanda ya zuba gyara biyar a lokaci guda ba zai san wanne ya yi aiki ba, ko wanne ya ƙara ɓata lamarin. Idan kuma kana ganin Wi-Fi na maƙwabta amma ba ka ganin naka, duba iw reg get: kowace ƙasa da tashoshin da dokarta ta yarda da su, misali 12 da 13 na zangon 2.4 GHz ba a amfani da su a Amurka, don haka katin da ke bin wannan doka ba zai ga rautar da ke kansu ba. Mayar da rautar tasha 1 ko 6 ko 11.

Zan faɗa maka gaskiya: idan katinka na cikin masu bukatar wl ko direban GitHub, kuma da Linux kake son zama, canza katin ya fi. Aikin minti 15 ne, kuma daga ranar ka huta da fargabar sabunta kenel. A yawancin laftof katin ba a manne yake ba, a gurbi yake zaune da noti ɗaya. Na zamani gurbinsu M.2 ne mai girman 2230, wato faɗin milimita 22 da tsawon 30. Na kafin wajen 2014 kuma galibi Mini PCIe ne mai rabin tsawo. Bakin eriyarsu ma ya bambanta, MHF4 a M.2, U.FL a Mini PCIe, kuma ɗaya ba ya hawa ɗaya. Ga gurbin M.2, AX200 ko AX210 nake ba da shawara, domin suna aiki da furosesar Intel da ta AMD duka.

A nan akwai tarko da ya kama mutane da yawa. Intel na da wasu katuna, 9560 da 9462 da AX201 da AX211, da ake kira CNVi. Waɗannan rabin kati ne, sauran rabin yana cikin kwakwalwar Intel da ke kan babban allon laftof. Kamanninsu ɗaya da sauran, suna shiga gurbin daidai, amma a laftof mai AMD ko tsohuwar Intel ko alamarsu ba za ka gani ba. Su kansu ba sa musanya da juna yadda aka ga dama: allon da aka yi don 9560 ba lallai ya karɓi AX201 ba. Haka kuma idan laftof ɗinka da CNVi ta zo, wanda yawanci lspci ke nunawa a adireshin 00:14.3, ka duba littafin gyaran samfurinka ka tabbatar gurbin na da layin PCIe kafin ka sayi AX210. Ka duba kuma ko BIOS ɗinka na da jerin katunan da ya yarda da su kawai. Tsofaffin ThinkPad kan tsaya da kuskure mai lamba 1802 idan aka saka musu baƙon kati, tsofaffin HP kuma da 104, kuma ba za su tashi ba sai an cire shi. Sababbin samfura galibi sun bar wannan. Wasu siraran laftof kuma katinsu a manne yake da allo, babu batun cirewa.

Wajen aikin, kashe kwamfutar, cire caja, buɗe bayan, ka fara zare igiyar batir daga allo. Ɗauki hoton yadda wayoyin eriya biyu suke kafin ka taɓa su, domin launinsu ba ɗaya ba ne a kowace laftof. Ɗaga kowace kai tsaye sama da farce ko ɗan tsinken roba, kada ka ja ta jikin wayar. Kwance notin, katin zai ɗago da kansa a karkace, sai ka zare. Saka sabon a karkace haka, danne, ɗaure. Mayar da eriyar shi ne wurin haƙuri: daidaita bakin sosai a kan mazauninsa, ka danna a hankali har ka ji ya ce ƙas. Idan bai shiga ba, bai daidaita ba ne, ƙarfi kuma lanƙwasa shi zai yi. Eriyar da ba ta zauna ba tana ba da sigina mai rauni ƙwarai, sai a ɗora wa direba laifi.

Wanda ba zai iya buɗe laftof ba, ko katinsa a manne yake, sai adaftar Wi-Fi ta USB. Ita ma da ƙwaya ake zaɓenta, ba da sunan da ke jikin kwali ba. TP-Link TL-WN722N misali ne da ya shahara: sigarta ta 1 Atheros AR9271 ce a ciki, tana aiki da zarar an soka, siga ta 2 da ta 3 kuwa Realtek ce, suna ɗaya, kwali kusan ɗaya. Nemi masu MT7612U ko MT7921AU na MediaTek, waɗanda direbansu ke cikin kenel. Ta biyun tana son 5.18 ko sama. Idan an rubuta a kwali cewa tana aiki da Linux, sau da yawa abin da ake nufi shi ne akwai wani tsohon direba da za ka gina da kanka.

Duk bayanin nan a kan Linux na gama-gari ne. Idan Trisquel kake nufi ko wani mai kenel ɗin Linux-libre, ba sa loda rufaffiyar famwaya ko kaɗan, don haka katin Intel ma ba zai yi ba, sai Atheros mai ath9k ko adaftar AR9271. FreeBSD da OpenBSD kuma jerin katunan da suke ɗauka ya fi na Linux gajarta nesa ba kusa ba, kuma a can ma Intel da tsofaffin Atheros ne suka fi samun kulawa.

Idan ka yi gwajin filash ɗin wani abu ya ƙi, turo sakamakon umarni biyar ɗin nan yadda suka fito, kada ka taƙaita su: uname -r, lspci -nnk | grep -iA3 net, rfkill list, mokutil --sb-state, da sudo dmesg | grep -iE "firmware|wlan|iwl|rtw|mt79|ath|brcm". Ka haɗa da sunan nau'in Linux ɗin da lambar sigarsa, ka kuma faɗa ko Windows na nan a gefe. Idan babu intanet a laftof ɗin, hoton fuskar kwamfutar da waya ma ya isa, muddin lambobin nan takwas na katin sun fito sarai.